Furunkulosis: Tarihin Binciken Cutar Marurun Kifi

Furunkulosis cuta ce ta bakteriya da ke kama kifayen ruwan sanyi, musamman salmon da turawut, a gonakin kiwo da koguna. Ƙwayar da ke haddasa ta ita ce *Aeromonas salmonicida*. Tana cikin cututtukan kifi na farko da masana suka gano sanadinsu, kuma tana cikin waɗanda aka fara jarraba wa kifi rigakafinsu.

Yadda take kama kifi

Ƙwayar tana shiga ta fata ko ta gaɓar numfashi, ta bi jini ta yaɗu zuwa ƙoda da saifa da hanta. Ƙananan kifaye sukan yi baƙi, su daina cin abinci, su mutu cikin kwana biyu zuwa uku ba tare da wani tabo a jiki ba. A jikin manya, inda cutar ke jan lokaci, nama kan kumbura kamar maruru, idan ya fashe sai ruwa mai jini ya fito; daga nan aka sa mata suna. Ta fi ƙamari idan ruwa ya yi ɗumi, iskar oksijin ta ragu, ko aka cunkusa kifi wuri guda.

Gano ƙwayar

A 1894 masana biyu, Emmerich da Weibel, suka binciki mace-macen turawut a wani wurin ƙyanƙyasa da ke Bafariya a Jamus. Suka ware ƙwayar, suka raine ta a ɗakin gwaji, suka sa wa lafiyayyun kifaye, sai ga cutar ta bayyana. A 1896 Lehmann da Neumann suka kira ta *Bacterium salmonicida*, sannan a 1953 Griffin da Snieszko da Friddle suka mayar da ita dangin *Aeromonas*. Masu gwaji sukan gane ta da abu biyu: ba ta motsi, kuma tana rina abincin da ake rainon ta a kai zuwa ruwan ƙasa.

Kwamitin Birtaniya

Da cutar ta addabi kogunan Ingila da Sikotlan, sai gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti a 1929 ƙarƙashin Farfesa T. J. Mackie na Jami'ar Edinbura. Rahotanninsa na 1930 da 1933 da 1935 sun tabbatar da abin da ya fi ba masu kiwon kifi wahala: kifi yana iya ɗauke da ƙwayar alhali ana ganinsa garau, ya kai ta duk inda aka sayar da shi. Wannan aiki ne ya haifar da dokar cututtukan kifi ta 1937, wadda ta taƙaita shigo da kifi mai rai.

Gano kifin da ke ɗauke da ƙwayar a ɓoye ya ci gaba da gagara har shekarun 1970, lokacin da aka ƙirƙiro gwajin takurawa. Ana yi wa samfurin kifaye allurar da ke raunana garkuwar jiki, a ajiye su cikin ruwa mai ɗumin digiri 18 na mako biyu. Wanda ke ɓoye da ƙwayar sai cutar ta fito masa fili.

Magani ya sha gaban rigakafi

A 1942 D. C. B. Duff na Kanada ya gauraya matattun ƙwayoyin cikin abincin turawut, ya nuna cewa waɗanda suka ci sun fi tsira. Amma a shekarun nan ne masu bincike a Amurka suka ga magungunan salfa suna tsayar da mace-mace nan take, sai aka jingine batun rigakafi kusan shekara 30. Masu kiwon suka koma zuba magani cikin abinci, daga salfa zuwa oksitetrasaikilin. Sannu a hankali ƙwayar ta koyi jure su ɗaya bayan ɗaya.

A 1978 Udey da Fryer suka bayyana wani rufi na furotin da ke lulluɓe da ƙwayar, wanda ke kare ta daga garkuwar jikin kifi. An kuma lura cewa ƙwayar da aka daɗe ana raino a ɗakin gwaji takan rasa rufin, ta rasa ƙarfinta. Wannan ya taimaka wajen zaɓen irin da ya dace a haɗa rigakafi da shi.

Darasin Norwe

A 1985 cutar ta shiga gonakin teku na Norwe tare da 'ya'yan salmon da aka sayo daga Sikotlan. Cikin 'yan shekaru ta mamaye ɗaruruwan gonaki, kifayen da suka tsere daga keji kuma suka kai ta koguna. A 1987 ƙasar ta yi amfani da kusan tan 50 na magungunan kashe bakteriya a kiwon kifi, akasari saboda wata cutar ta daban mai suna Hitra, sannan furunkulosis ta sake ɗaga adadin wajen 1990.

Mafita ta zo a farkon shekarun 1990 da rigakafin da aka gauraya da mai, wanda ke sa kariyar ta daɗe. Ana sumar da kifin, a tsira masa allura a ciki, ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai shi teku. Kafin ƙarshen shekarun, maganin da ake amfani da shi ya sauko ƙasa da tan ɗaya a shekara, alhali kiwon yana ta bunƙasa. Allurar tana da illa, domin takan sa kayan ciki su manne da juna, kuma an daɗe ana gyara haɗin don rage hakan.

Binciken yau

A 2008 masana a Kanada suka wallafa cikakken tsarin ƙwayar halittar bakteriyar. Yanzu hankali ya fi karkata ga jure magani, da kuma wasu nau'o'inta da ke kama kifayen da ba dangin salmon ba. A ƙasashe masu zafi irin su Nijeriya, 'yar'uwarta *Aeromonas hydrophila* ce ke damun masu kiwon tarwada, kuma abin da ke tayar da ita bai bambanta sosai ba: cunkoso, gurɓataccen ruwa, da sayen 'ya'yan kifi ba tare da bincike ba.