Tarihin Cinikin Kan Iyaka Tsakanin Katsina da Maraɗi

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ba ta kashe cinikin da ke tsakaninsu ba, hasali ma ita ce ta zama jarinsa.

Rabuwar garuruwan nan biyu ta girmi zuwan Turawa. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsu a Maraɗi wajen 1819. An ci mafi yawan ƙarni na 19 ana kai wa juna hari, alhali kuwa harshe ɗaya ne, zuriya ɗaya. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda aka gyara a 1904 da 1906, ita ta mai da wannan tsohuwar gaba iyakar ƙasa, Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi kuwa hannun Faransa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai gyaɗar ƙasar Maraɗi ta riƙa bin hanyar Katsina zuwa Kano, daga nan sai Ikko. Ta haka Jibiya da Ɗan Isa suka zama ƙofofin wannan hanya. Bambancin kuɗi, watau Sefa a arewa da fam a kudu, sannan naira daga 1973, da bambancin harajin kwastan, su suka haifar da riba. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, alhazan Maraɗi suka ƙara ƙarfi. A shekarun da suka biyo baya, dabbobi da wake da taba da atamfa suka riƙa gangarowa kudu, hatsi da man fetur mai rahusa suna hawa arewa.

Sau uku aka rufe wannan iyaka a 'yan shekarun baya: 1984 zuwa 1986, da 2019 zuwa 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Kowane karo ciniki bai tsaya ba, sai dai ya bar titi ya koma ɓarauniyar hanya, kaya suka yi tsada, talaka ya biya.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa duk manufar gwamnati da ta ɗauki Jibiya da Ɗan Isa a matsayin ƙarshen ƙasa, ba tsakiyar kasuwa ɗaya ba, to da wuya ta kai ga biyan buƙata.