Sankarar mama: Yadda jagorar zaɓin magani ke kwantar wa mata hankali

Jagorar zaɓin magani takarda ce, ko allo mai zane, ko bidiyo, da ake gabatar wa mai jinya domin ta san hanyoyin maganin da ke gabanta, da amfanin kowace da illarta, kafin ta yanke shawara tare da likita.

Ga mai sankarar mama da aka gano da wuri, babban zaɓin shi ne tsakanin cire maman gaba ɗaya, da cire ƙullutun kaɗai a biyo da gashi. Bincike biyu da aka yi a Amurka da Italiya, waɗanda suka bibiyi mata tsawon shekara 20 aka wallafa su a 2002, sun nuna hanyoyin biyu ba su bambanta ba wajen tsawon rai. Saboda haka ra'ayin matar yana da nauyi.

Abin da bincike ya nuna

A gwajin da Timothy Whelan ya jagoranta a Kanada, wanda aka wallafa a 2004, matan da aka yi wa bayani da allon sun fi fahimtar maganin, kuma kai-kawon zuciyarsu ya ragu. Bitar ƙungiyar Cochrane ta 2024, wadda ta tattara bincike 209 kan cututtuka daban-daban, ta ƙarfafa wannan. Fargabar da ake yi cewa cikakken bayani zai ƙara firgita mai jinya ba ta tabbata ba.

Halin da ake ciki a Sakkwato

Ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya a 2022, sama da 16,000 kuma suka rasu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana cikin ƙalilan da ke da sashen gashi a ƙasar, yana kuma karɓar marasa lafiya daga Kebbi da Zamfara. Sai dai akasarin mata a Najeriya ba sa isa asibiti sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu, lokacin da zaɓi ya ƙuntata.

Tsoron tiyata kuwa yana da tushe. Binciken da aka yi a Zariya aka wallafa a 2010 ya bibiyi matan aure 81 da aka cire wa mama. Bayan shekara uku, kashi 38 cikin ɗari sun rabu da mazajensu. Don haka jagorar da za ta yi tasiri a Sakkwato sai ta kasance cikin Hausa, da hoto da murya, ta kuma shigo da miji da dangi, waɗanda galibi su ke biyan kuɗin magani.

Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa mai jinya hanyoyin magani da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da take ji.