BAYANI: Yadda 'yan farauta ke karɓa-karɓar daji wajen horar da karnuka a Gaya da Ajingi

Da zarar an kawar da dawa da wake daga gonaki a gabashin Jihar Kano, sai a fara ganin motoci maƙare da samari da karnuka suna fita da sassafe. Farautar rani ke nan, wadda ake yi daga bayan girbi zuwa faɗuwar damina. Abin da mai kallo daga bakin titi bai cika lura da shi ba shi ne, ayarin ba ya komawa inda ya je a fitar da ta gabata. Wannan sauyin wuri shi ne makarantar karen farauta, kuma a kansa zaman lafiya tsakanin mafarauta da manoma da makiyaya ya rataya.

Yadda tsarin yake

Ƙungiyar farauta a ƙasar Hausa ba ta da keɓaɓɓen filin atisaye. A cikin farautar kare ke koyon aiki. Tun yana kwikwiyo ake saba masa da muryar ubangidansa da sunansa da fito. Idan ya tasa, sai a fara zagayawa da shi saura da bayan gari, inda zai ci karo da kurege ko gafiya. Daga nan a haɗa shi da manyan karnuka, ya ga yadda suke bin sawu, da yadda suke tare zomo idan ya yi kwana.

Fitar gayya kuwa shugabanni ne ke tsayar da ranarta da dajinta. Sarkin Dawa ko Sarkin Baka na gari kan aika wa takwarorinsa, a haɗu a wuri ɗaya, a busa ƙaho, a kaɗa gangi, a ja sahu a shiga. Fita ta gaba sai ta faɗa wani gari. Ta haka kowane gari ke zama mai masauki yau, baƙo gobe.

Al'adar tsohuwa ce. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe na Dutsen Dala a matsayin gawurtaccen mafarauci, kuma ruwayar da ta shahara ta ce daga Gaya maƙeran da suka zauna a gindin Dala suka fito. Fiƙihu ma ya ba horon kare muhimmanci. Abin da kare ya kashe yana halatta ne idan horarre ne, wato mai tafiya idan an aike shi, mai tsayawa idan an tsawatar masa, kuma an ambaci sunan Allah yayin sakinsa.

Me ya sa ba a tsayawa daji ɗaya?

Dalili na farko yana ga karen kansa. Kare na haɗa umarni da wurin da ya koye shi. Wanda bai san ko'ina ba sai sauran bayan garinsu, yakan riƙe ramukan wurin a ka, ya daina aiki da hanci, ranar da aka kai shi baƙon wuri kuma ya rikice ko ya ɓata. Kowace irin ƙasa da darasinta. A jigawa sawu na fitowa sarai, amma yashi na gajiyar da ƙafa, ƙamshin dabba kuma ba ya daɗewa idan rana ta take. A fadama danshi na riƙe ƙamshi, sai dai duhuwa na hana gani. Fako na ƙarfafa tafin ƙafa, sarƙaƙiya kuma na koya wa kare kutsawa cikin ƙaya.

Na biyu yana ga namun dajin. Zomo da gafiya da makwarwa na da saurin hayayyafa, amma idan aka riƙa tumurmusa wuri ɗaya kowane mako, sai a cinye har iri. Mafarauci ya san daji kamar gona yake: idan ba a bar shi ya huta ba, baɗi ba za a sami komai ba.

Na uku yana ga maƙwabta. Ayarin mutane da karnuka na tattake karmami da harawar da manomi ya ajiye, yana firgita garke a burtali, wani lokaci karnuka su far wa akuya. Ƙauye na iya haƙuri da irin wannan sau ɗaya a rani, amma ba zai jure shi kowane mako ba. Wutar da wasu ke cinnawa don fito da dabba daga sunƙuru ita ce mafi muni, domin tana lashe ciyawar da makiyayi ke dogaro da ita har saukar ruwa.

Sai dai yawon na da nasa haɗarin. Haɗuwar karnukan garuruwa daban-daban hanya ce ta yaɗa kaska da cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duk ta hanyar kare ake kamuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato na sarrafa allurar rigakafinta.

Wa ke ba da izini?

A al'ada, ba a shiga dajin wani gari sai da sanin Sarkin Dawansa da mai unguwa ko dagaci. Tun Yulin 2024, Gaya da Ajingi da Albasu na ƙarƙashin Masarautar Gaya mai daraja ta biyu, don haka sarautun da ke kula da wannan izini a yankin na da uwa ɗaya. Matsalar ita ce galibi da baki ake yinsa. Idan rikici ya tashi kan wane kare ya fara kama zomo, ko kan gonar rogon da aka tattake, babu takardar da za ta nuna wanda ya gayyato wa, ko inda iyakar izinin ta tsaya.

Abin da doka ta tanada

Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 ce tushen dokokin farauta a jihohin Arewa, ta kuma rarraba dabbobi zuwa waɗanda aka haramta kashewa da waɗanda sai da lasisi. Dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka gyara a 2016, ta ƙara tsaurara hukunci. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa lasisin bindigar toka a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta NESREA na 2011 sun hana ƙona daji ba da izini ba.

Akwai kuma wuraren da ba sa cikin lissafin juyi kwata-kwata. Dajin Falgore a kudancin Kano da dausayin Haɗeja a Jigawa keɓaɓɓu ne, kuma suna cikin wurare 10 da gwamnatin tarayya ta sanar a Disambar 2020 cewa za a mayar gandun daji na ƙasa.

Da'irar da ke ƙara nisa

Ƙidayar 2006 ta nuna Ajingi na da mutum sama da 170,000 a kan ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 700 da 'yan kai ba, Gaya kuma sama da 200,000. Tun daga lokacin jama'a ƙaruwa suke yi, saura na komawa gona, fadama na komawa noman rani. Idan wuraren juyi suka ragu, zaɓi biyu ya rage wa ƙungiya: ta yawaita komawa wuri ɗaya har ya ƙare, ko ta ɗauki mota ta nufi inda ba a san Sarkin Dawanta ba.

An ga ƙarshen zaɓi na biyun a Maris 2025. A garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri sun tare motar da ta ɗauko mafarauta daga Jihar Ribas za su Kano bikin Sallah. Ganin bindigogin toka ya sa aka yi musu zargin garkuwa da mutane, gungun jama'a suka kashe 16 daga cikinsu. Da yawansu 'yan Ƙaramar Hukumar Bunkure ne, inda Gwamna Monday Okpebholo na Edo ya je ta'aziyya tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf. Alhakin kisan na wuyan waɗanda suka aikata shi. Amma lamarin ya tona yadda izinin baki ke rasa ƙarfi da zarar an ƙetare iyakar masu jin sa.

Yadda wasu ke yi

A Ingila, inda dokar 2004 ta hana sakin karnuka kan yanyawa, ƙungiyoyi na jan ƙamshi a ƙasa karnuka su bi, kuma sun daɗe da al'adar rubuta jadawalin wuraren haɗuwa bayan samun yardar masu filaye. A Jamhuriyar Nijar, dokar farauta ta 1998 ta wajabta lasisi, hukuma ce kuma ke buɗe lokacin farauta da rufe shi.

Abin da za a iya nema a gida

Babu abin da ke hana kansilolin Ajingi da Gaya, tare da masarauta da sarakunan dawa, fitar da jadawalin rani a rubuce: wane daji, wace rana, wane aka bari ya huta. Da shi za a haɗa rajistar 'yan ƙungiya da karnukansu, da shaidar rigakafi, da takardar gabatarwa ga duk mai fita wata jiha, a kuma sanar da ardo da dagaci kafin ranar fita. Matasan da ke bibiyar kasafin ƙananan hukumomi na iya fara tambaya daga nan: nawa aka ware wa sashen gona da dabbobi don rigakafin karnuka bana, kuma wa ke riƙe da jerin dazukan da suka rage?