Daga Gwiwa Zuwa Taya: Tarihin Zaman Gurgu Cikin Jama'ar Kano

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san gurgu ba baƙo ba ne a idon jama'a. Bahaushe bai saba ɓoye gurgunsa a ƙuryar ɗaki ba. Ana ganinsa a ƙofar masallacin Juma'a, ana ganinsa a bakin Kasuwar Kurmi, ana kuma ganinsa wajen suna da ɗaurin aure. Abin da wannan maƙala ke son dubawa shi ne matsayin da ake ganin nasa a kai, da kuma dalilin da ya sa samuwar keke ba ta buɗe masa ƙofofin da aka zaci za ta buɗe ba. Zan yi amfani da kalmar gurgu duk da na san yanzu an fi son a ce masu buƙata ta musamman, domin da ita aka san sarautarsu, da ita kuma tarihin ya zo.

A tsohon tsarin birni, kowane rukuni na naƙasassu yana da shugabansa. Akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Kutare, da Sarkin Guragu, kuma fada ta san da zamansu. Sarkin Guragu shi ne mai raba sadaka idan ta zo a dunƙule, shi ne mai sulhu idan rigima ta tashi tsakanin mutanensa, shi ne kuma ke karɓar baƙon gurgu da ya shigo daga ƙauye, ya nuna masa inda zai zauna. Wannan tsari ya ba gurgu jama'a da uban ɗaki da wurin kai ƙara. To amma ya kuma ɗaure shi ga sana'a guda, watau bara. Akwai guragun da suka yi ɗinkin hula da dukanci da karatun allo har suka zama malamai, sai dai abin da jama'a ke fara tsammani daga yaron da ƙafarsa ta shanye shi ne ya ɗauki ƙoƙo.

Akwai wani abu game da wancan zamani da ba a cika lura da shi ba. Rayuwar Bahaushe ta dā a ƙasa ake yin ta. A kan tabarma ake cin tuwo, a kan buzu ake karatu, a ƙasa ake zaman fada da zaman shari'a da zaman makoki, ɗan kasuwa ma a ƙasa yake baje hajarsa. Saboda haka gurgun da ya ja jiki ya iso majalisa, da zarar ya zauna kansa ya yi daidai da na kowa, ba mai kallonsa daga sama. Wahalarsa tana kan hanya ne, cikin rairayi mai zafi da taɓon damina, yana sanye da takalma a tafin hannu da ƙyalle ko fata a gwiwa. Idan ya isa, ya isa.

Yawancin waɗannan guragu shan inna ne ya same su suna ƙanana. Sunan ciwon kansa ya nuna yadda aka fahimce shi: Inna ce, ɗaya daga cikin iskokin bori, ta sha ƙafar yaron. Turawan mulkin mallaka da 'yan mishan sun fi mai da hankali ga kutare da makafi. An kafa sansanin kutare a Yadakunya kusa da Kano a shekarun 1930, an buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Gurgu dai an bar shi ga danginsa da sarkinsa, sai a 1959 da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala ya sami inda za a duba ƙafarsa, a yi masa takalmin ƙarfe ko sandunan dogarawa.

Taya ta shigo rayuwar gurgu ta hanya uku, kuma ya kamata mai karatu ya bambance su. Ta farko ita ce kujerar asibiti mai naɗewa, irin wadda wasu Amurkawa biyu, Everest da Jennings, suka ƙera a shekarun 1930. An yi ta ne domin daɓen siminti da farfajiyar asibiti. Ƙananan tayoyinta na gaba suna nutsewa a rairayi, kuma idan wani abu ya karye a jikinta ba a samun madadinsa a kasuwa, don haka sau da yawa kyautar da aka raba a gaban 'yan jarida takan ƙare a jingine a bayan ɗaki. Ta biyu ita ce ɗan katako mai ƙananan tayoyi wanda ake turawa da hannu a kan kwalta. Ta uku, wadda ta fi kowacce canza al'amari, ita ce keken guragu mai taya uku da ake murzawa da hannu, wanda masu walda na gida ke haɗawa da bututun ƙarfe da kayan keken hawa. Duk mai gyaran keke na bakin titi zai iya yi masa faci ko ya ɗaure masa sarƙa. Da shi ne gurgu ya fara zuwa makaranta da kansa, ya ɗora tiren goro ko katin waya, ya je zance wata unguwa ba tare da an goya shi ba. Daga baya guragun da kansu suka shiga ƙera shi. Aminu Ahmad Tudun Wada, wanda shan inna ya kama tun yana yaro, ya yi suna a Kano da wajen walda inda 'yan'uwansa guragu ke haɗa kekuna suna koyon sana'a. Shi kuwa katakon nan mai taya da aka san shi da bara, shi ne ya zama abin wasan ƙwallon guragu, wanda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, ana zaune a kai ana buga ƙwallo da hannu.

Sai dai a daidai lokacin da gurgu ya hau taya, birnin ma ya tashi daga ƙasa. Kuɗin mai na shekarun 1970 ya kawo benaye, da ofisoshi masu matakala, da kanta mai kai wa ƙirji, da manyan kwatoci a buɗe a kowane gefen titi. Keken guragu dogo ne, ba ya juyawa a zaure, ba ya haye dokin ƙofa, ba ya shiga lif ko da akwai shi. Mai shi yakan ajiye shi a waje ya koma rarrafe, amma yanzu a gaban mutanen da ke zaune a kan kujeru, a bayan tebur. Haka abin yake a masallatan da aka sabunta aka ɗaga harsashinsu, haka yake a kotu da rumfar zaɓe, banɗaki kuwa ba a magana. Mutumin da ya san ba zai sami inda zai kewaya ba, yakan ƙi shan ruwa tun safe, ko ya fasa zuwa taron gaba ɗaya, a ce ba shi da zumunci.

A nan ne kuma bambancin da ke tsakanin guragu biyu ya fito fili. Wanda shan inna ya kama yana jin jikinsa, ƙwanjinsa ya yi ƙarfi tun ƙuruciya, zai iya sauka ya ja jiki ya haye matakala. Wanda kuwa lakarsa ta taɓu yana babba, ta haɗarin mota ko na acaɓa ko faɗowa daga gini, ba zai iya sauka daga kujera ba sai an ɗauke shi, ga gyambon kwanciya, ga matsalar fitsari. Wannan shi ne ba a gani a titi. Jiya yana da shago da majalisa da sahu a masallaci, yau duniyarsa ta tsaya a tsakar gida, 'yan dubiya kuma sukan ɗauke ƙafa bayan wata biyu ko uku. Ba ya cikin jama'ar Sarkin Guragu, bai kuma koma cikin tasa ba. Mace gurguwa nata ya fi nauyi. Gurgu namiji mai sana'a yakan auri mai ƙafa, har ya ƙara, ita kuwa akan tambaya wa zai yi daka da wanki da goyo, sau da yawa ma ba a kai ta makaranta ba tun farko.

Yawan guragun Kano na yau yana da nasa tarihin. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar, saboda zargin an gurɓata maganin, a garin da bai manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba. Ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004. A 2006 kaɗai an ƙirga yara fiye da dubu ɗaya da ciwon ya kama a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. An tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka a watan Agusta na 2020, amma waɗancan yaran yanzu samari ne da 'yan mata masu neman aiki da aure. Sun kuma girma ne a lokacin da ake rufe tsohuwar ƙofar, domin gwamnatin Kano ta haramta bara a titi a 2013, ta sake jaddada haramcin a 2020. Ni ban ga laifin raba mutum da ƙoƙo ba, idan an tanadi abin da zai riƙe a madadinsa.

Mu marubuta ma muna da hannu a ciki. Mukan ce gurguwar shawara, gurguwar fahimta, an gurgunta tattalin arziki. A littattafanmu na soyayya kuwa keken guragu yakan zo ne a babin ƙarshe, a matsayin sakayyar da ta afka wa mugu ko muguwar kishiya. Da wuya a ga gurgun da ke da shago da mata da ra'ayin siyasa, yana cikin labari don kansa.

A ranar 23 ga Janairu, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da Naira miliyan ɗaya ga kamfani, ta ware musu kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashiginsu. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Wa'adin ya cika a watan Janairu na 2024. Wasu sababbin gine-gine sun yi gangaren hawa keke, wasu ma sun yi shi da tsayin da sai an tura mutum. A bankuna da dama kuwa ƙofar tsaron nan mai kama da akwati, wadda mutum ɗaya ke shiga a tsaye, tana nan yadda take, kuma mai keke yakan jira a waje cikin rana, mai gadi ya shiga da takardarsa, a fito masa da ita ya sa hannu a kan cinyarsa.