Lambar Pettenkofer da Iskar Ɗakunanmu

A shekarar 1858 wani masanin kimiyya a birnin Munich na Jamus, Max von Pettenkofer, ya wallafa bincikensa kan iskar cikin gidaje. Ya auna kabon dayoksaid, iskar da muke fitarwa idan mun numfasa, ya ce da zarar ta haura kashi 1,000 cikin miliyan, iskar ɗakin ta gurɓace. A wannan matakin ba guba ba ce. Manuniya ce ta yawan numfashin junanmu da muke sake shaƙa.

Pettenkofer bai yarda ƙwayar cuta kaɗai ke haddasa kwalara ba, har ya kurɓi ruwa mai ɗauke da ita a 1892 don kafa hujja. Tarihi ya ƙaryata shi a nan, amma lambarsa ta rayu.

Da annobar korona ta zo, sai duniya ta koma gare ta. A 2021 Ingila ta raba wa makarantu na'urorin awo kimanin 300,000, Beljiyam kuma ta wajabta su a gidajen abinci. Idan lambar ta hau, a buɗe taga. Mu da muke toshe kowace kafa da hunturu, wannan darasin ya shafe mu.