Daga Alƙalamin Kara Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Faɗar Ra'ayi a Kudancin Sakkwato

Matashin da ke zaune a Tambuwal ko Kebbe a yau yana iya rubuta abin da ya gani a kasuwa ko a rumfar zaɓe, kafin ya shanye kofin shayinsa mutanen Kano da na Yamai sun karanta. Bai nemi izinin edita ba, bai biya kuɗin ɗab'i ba. Wannan dama sabuwa ce, amma ɗabi'ar rubuta ra'ayi a miƙa wa jama'a ta daɗe a wannan ƙasa.

A ƙarni na 19, rubutu a ƙasar Sakkwato aikin malamai ne. Tambuwal kanta ribaɗi ce da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, malami kuma mawaƙi da Larabci. A wancan zamani littafi ba ya yaɗuwa sai almajiri ya zauna ya kwafe shi da tawada da alƙalamin kara, don haka abin da malamai ba su ga dacewarsa ba, da wuya ya bar zauren marubucinsa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta samo dabarar isa ga waɗanda ba su iya karatu ba: ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, jajoji suka haddace, suka kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Tun daga nan baka da rubutu suka riƙa tafiya tare.

Boko ya zo da injin ɗab'i. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na matsayin edita. Filin wasiƙun masu karatu shi ne ya fara bai wa malamin makaranta ko magatakardan En'e damar ganin sunansa a takarda yana kokawa kan haraji ko hanya. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fitar wa larduna ƙananan jaridu, lardin Sakkwato ya samu Zaruma. Sai dai kowace wasiƙa sai ta bi ta hannun edita, edita kuma yana ƙarƙashin idon gwamnati. Masu zafin ra'ayi suka koma ga waƙa. Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega da ke maƙwabtaka da Tambuwal, yana cikin waɗanda suka ɗauki saƙon jam'iyyar NEPU a baitoci.

Rediyo ya faɗaɗa fagen. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rima Rediyo a gida. Mai sauraro ya aika wasiƙa ta gidan waya, ya jira makonni, wataƙila a karanta, wataƙila a jefa a kwando.

Abin da ya kawar da mai gadin ƙofa shi ne wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, sannan Facebook da WhatsApp suka biyo baya da wayoyi masu intanet. Saƙon murya ya fi komai tasiri a karkara, domin manomin da bai yi boko ba ya zama mai ba da labari. Yankin ya ga haka a siyasarsa, musamman da yake Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal daga 2003, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2011, ya kuma zama gwamna a 2015. Magoya baya da 'yan adawa duk sun mayar da waya dandalin kamfe. Tare da su aka samu sojojin baka na zamani, masu yabo da zagi gwargwadon abin da aka sa musu a aljihu, da masu yaɗa hoton tsohon hari a ce na jiya ne. Edita ya tafi, amma ya tafi har da aikinsa na tantancewa.

Hukuma kuwa ba ta naɗe hannu ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, ta zama sandar kama masu suka, har Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumbar 2021, bayan Zamfara ta yi haka, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato don yaƙi da 'yan bindiga. Mai saƙo da mai neman agaji duk suka rasa hanya, wasu sai sun yi tafiya zuwa wani gari kafin su kira 'yan'uwansu. A Nuwamban 2024 kuma aka gurfanar da wata matashiya a jihar bayan ta fitar da bidiyon kokawa kan rashin tsaro, lamarin da ya sa ƙungiyar Amnesty International ta nemi a janye tuhumar.