RASHIDI YEKINI, ƊAN ƘWALLON DA MASAƘAR KAKURI TA FITAR

Duk lokacin da aka fitar da sunayen 'yan Super Eagles sai gardamar nan ta taso: wai me ya sa ba a ganin yaran Arewa? Wasu su ce wariya ce, wasu su ce yaranmu ne ba sa ƙoƙari. Jama'a, kafin mu ci gaba da musu, mu fara tambayar ta wace ƙofa manyan 'yan wasanmu na da suka fito.

Ku ɗauki Rashidi Yekini. A Kaduna aka haife shi ranar 23 ga Oktoba, 1963, duk da cewa asalin gidansu Ira ne a jihar Kwara. Kulob ɗinsa na farko, a farkon shekarun 1980, shi ne UNTL, wato kulob ɗin masaƙar nan da aka kafa a 1964 a tsallaken kogi, wajen Kakuri. Ba makarantar ƙwallo ba ce, ba kuma kulob ɗin gwamnati ba. Kamfanin yadi ne mai dubban ma'aikata, yana da kuɗin sayen riga da takalmi da motar kai 'yan wasa, yana da 'yan kallo na kansa da zarar an tashi daga aiki. Yaron da ba shi da kowa, in yana da ƙafa, ya san inda zai dosa.

Tsarin ma ba a nan aka ƙirƙiro shi ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Lancashire ta Ingila aka gina ta. A can, garuruwan masaƙa su ke riƙe da kulob-kulob na wasan kurket, har garin Nelson ya ɗauko Learie Constantine daga Trinidad a 1929 yana biyan sa albashi. Mu a nan ƙwallon ƙafa ce ta karɓu.

Daga UNTL Yekini ya wuce Shooting Stars ta Ibadan, sai Abiola Babes, sai Africa Sports ta Abidjan. A 1990 ya tafi Vitória Setúbal ta Fotugal, kuma a nan ne ya fi haskakawa: a kakar 1993-94 shi ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar ƙasar, da ƙwallo 21. A 1993 ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ɗan Najeriya na farko da ya karɓi kambun CAF. A 1994 Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya, shi ne kan gaba da ƙwallo 5.

Sai ranar 21 ga Yuni, 1994, a Dallas ta Amurka. Finidi George ya kawo ta, Yekini ya tura ta ragar Bulgeriya, ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya. Ya shige raga ya riƙe ta yana ihu. An tashi 3-0, kuma ta biyun wani ɗan Kaduna ne ya ci, Daniel Amokachi, tsohon ɗan wasan Ranchers Bees. Ku lura da kyau, biyu cikin uku daga gari ɗaya.

Wasu na cewa ai ƙarfi ne kawai, shi ya sa ake kiran sa Bijimin Kaduna. Ban yarda ba. Ƙarfi kaɗai ba ya ci wa ƙasa ƙwallo 37. Mutumin ya san inda zai tsaya, kuma ba ya ɓata lokaci in ta zo ƙafarsa.

Bayan 1994 tauraronsa ya fara dusashewa. Girka, Sifen, Suwizalan, babu inda ya daɗe. Ya dawo gida, har a 2005 ya buga wa Gateway yana da shekara 41. Ya ƙarasa rayuwarsa a Ibadan, a keɓe, nesa da jama'a, ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48. Allah Ya jiƙan sa.

KTL kuwa ta tsaya tun 2002. UNTL ta rufe ƙofa a 2007, shekara biyar kafin rasuwarsa, aka sallami dubban ma'aikata.